Waya ko katin banki: me ya kamata ku zaɓa wa matashin gidanku?

Matasa da yawa sun daina ɗaukar kati. Waya ce a hannu, a kara ta a jikin na'urar POS, ta yi ɗan ƙara, a ɗauki kaya a wuce. In ka tambayi ina katin, wani ya ce yana cikin durowa, wani ma ya manta inda ya jefa shi. Iyayen da ke shirin buɗe wa ɗa ko 'ya asusun farko sukan tsaya suna tunanin ko akwai amfanin karɓar katin roba tunda wayar tana yin aikin. A ganina wannan tambaya ce ta biyu. Ta farko ita ce wane irin asusu ne a ƙarƙashin wayar, nawa ne a cikinsa, kuma wa ke iya taka masa birki.

Dalili kuwa shi ne wayar ba ta kori kati ba, lulluɓe shi ta yi. Apple Pay da ya fara aiki a Amurka a watan Oktoban 2014, da Android Pay na 2015 wanda yau ya zama Google Wallet, da Samsung Pay da shi ma ya fito a 2015, dukkansu sai an saka musu katin wani banki kafin su biya ko sisi. In bankin bai ƙulla yarjejeniya da su ba, ko tsarin bai iso ƙasar da kuke ba, to komai tsadar wayar ba za ta biya ta wannan hanya ba. Don haka kafin a je sayen waya saboda wannan dalili, a fara tambayar banki.

Ta fuskar tsaro, gaskiya wayar ta fi katin roba, kuma ba da kaɗan ba. Lokacin da aka saka kati a waya, ba lambarsa ta ainihi ake ajiyewa ba. Ana ba wayar wata lamba ta daban da ke wakiltar katin, kuma kowane ciniki yana tafiya da wata lambar tabbatarwa da ba a amfani da ita sau biyu. Mai shago bai ga lambobin nan 16 ba, in kuma ɓarayin intanet suka fasa rumbun bayanansa, abin da za su kwasa ba zai yi musu amfanin da lambar kati za ta yi ba. Fasahar da ke haɗa wayar da na'urar, wadda ake kira NFC, ba ta kai wa nesa, 'yan santimita ne kawai, kuma kafin kuɗi su fita sai wayar ta ga fuskar mai ita ko zanen yatsansa ko lambar buɗe ta. Shi kuwa katin roba komai nasa a fili yake: lamba, ranar ƙarewa, da lambobi ukun nan na baya. Wanda ya ɗauki hotonsa gaba da baya cikin daƙiƙa biyar yana iya yin sayayya da shi a shafuka da dama. Wanda ya tsince shi a ƙasa kuma yana iya kara shi a na'ura ya yi ƙananan sayayya ba tare da an nemi lambar sirri ba, har zuwa iyakar da aka gindaya. A Birtaniya, alal misali, an ɗaga wannan iyaka zuwa fam 100 a Oktoban 2021. Yaron da ke yawan zubar da makulli da biro, kun san yadda kati zai ƙare a hannunsa.

Sai dai akwai batun shekaru, wanda iyaye kan gano bayan sun riga sun kashe kuɗi. Apple ba ya barin wanda bai kai shekara 13 ba ya saka katin banki a Apple Pay. Yana da wani tsari na iyali, Apple Cash, da iyaye ke buɗe wa yara, amma a Amurka kaɗai yake aiki. Google kuwa sai a Maris na 2025 ya fara barin yara su biya da Google Wallet ƙarƙashin kulawar iyaye, shi ma a 'yan ƙasashe ya soma. Bayan wannan, kowane banki da tasa ƙa'idar, wani yana ba matashi kati amma ya hana a saka shi a waya sai ya ƙara shekaru. Dabarar da wasu iyaye ke yi, su saka nasu katin a wayar yaro don a huta, ni ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Kun miƙa masa dukan abin da ke asusunku ne, kuma ranar da rigima ta taso, banki zai ce ai da hannunku kuka amince.

Inda wayar ke ba da kunya kuwa kowa ya sani: caji. Kati ba ya mutuwa. Wayar matashi kuwa tun kafin yamma ta sha bidiyo da wasanni, batir ya koma ja, kuma daidai lokacin ne yake buƙatar kuɗin komawa gida. Sababbin iPhone suna ajiye ɗan ragowar wuta da ke barin katin shiga jirgin ƙasa ko bas ya ci gaba da aiki har zuwa awa biyar bayan wayar ta ɗauke, amma wannan na ƙofar tasha ne, ba zai biya kaya a shago ba. Ga fashewar gilashi, ga faɗawa ruwa. Ga kuma makaranta: Faransa ta kafa dokar hana amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, ƙasashe da dama sun bi sahu, kuma ko inda babu doka, malami yana iya ƙwace waya ya ce sai iyaye sun zo. Yaron da duk kuɗinsa ke cikin wayar, ran nan an ƙwace masa har da aljihu.

Game da data, iPhone ba ta buƙatar intanet kafin ta biya a na'ura. Google Wallet ma yana iya biya ba data, amma yana son ya riƙa leƙa intanet jefi-jefi, in ya daɗe bai samu ba sai ya ƙi. Cire tsabar kuɗi kuma wata matsala ce, domin ba kowace ATM ce ke karanta waya ba, da yawa har yanzu sai an zura kati. Akwai ma ranar da duka biyun ke zama hoto. Da wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilu, 2025, na'urorin biya a shaguna da yawa sun tsaya, mai kati da mai waya duk suka koma neman takardar kuɗi.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da wayar matashi shi ne lambar buɗe ta. Ku lura da shi a layi ko a cikin mota: fuska ta ƙi buɗewa, sai ya danna lambobi huɗu a gaban kowa, galibi shekarar haihuwarsa, ga abokai uku sun riga sun san ta. Ɓarawon zamani ba ya fizge waya kai tsaye. Yana tsayawa a bayan mutum ya ga lambar tukuna, sannan ya fizge. Da wannan lamba yana iya biya, yana iya karanta saƙonnin banki, yana iya sauya kalmar sirrin asusun wayar ya kulle mai ita a waje. Saboda irin wannan ne Apple ya fito da kariya ta musamman ga wayar da aka sace a iOS 17.3, wato manhajar da ke tafiyar da iPhone, cikin Janairun 2024, wadda ke hana sauya muhimman abubuwa sai da fuska ko yatsa. Ku duba da idonku ku tabbata an kunna ta. A kunna tsarin gano wayar da ta ɓata ma, a Android ko a iPhone, ku kuma gwada shiga daga wata na'ura tun ba a kai ga buƙata ba, don daga can ne ake kulle wayar a dakatar da katunan cikinta.

Duk wannan game da karawa a na'ura ne. Akwai hanya ta biyu ta biya da waya da ba ruwanta da kati kwata-kwata, wato tura kuɗi kai tsaye daga asusu zuwa asusu, ko ta lambar waya, ko ta ɗaukar hoton lambar QR. A sassa da yawa na duniya ita ce ma ta fi yawa. M-Pesa ya fara a Kenya a 2007, UPI a Indiya a 2016, Pix a Brazil a 2020, a Sin kuma Alipay da WeChat Pay sun mamaye har teburin mai ƙaramar sana'a. Daɗinta shi ne ba ta buƙatar waya mai tsada, kuma tana kaiwa inda babu na'urar POS. Amma tana son sabis a kowane ciniki, kuma kowa ya san takaicin kuɗi sun fita ba su shiga ba, mai kaya ya riƙe kayansa yana jiran alat.

Babban aibinta ga matashi shi ne kuɗin da ka tura da hannunka da wuya su dawo. In an biya da kati, kaya ba su zo ba, akwai hanyar kai ƙorafi banki ya bi sawun kuɗin ta hannun Visa ko Mastercard. In tura su aka yi, yawanci an yi sallama da su. 'Yan damfara sun san haka sarai, shi ya sa mai tallan takalma a Instagram da ba shi da takalmin zai ce a tura, ba zai ce a biya da kati ba. Akan liƙa lambar QR ta bogi a kan ta gaskiya. Akan kira yaro a ce daga banki ne, ya karanto lambar da aka turo masa yanzu-yanzu. Mafi muni shi ne wanda zai lallaɓa shi ya ce, ara mini asusunka a turo mini kuɗi, ka cire ka ba ni, ga naka kason. Yaro na ganin ya samu banza, alhali kuɗin sata ne suka bi ta sunansa. Ƙarshenta a rufe asusun, wani lokaci har da 'yan sanda, kuma sunansa ya ɓaci a wajen bankuna tun bai fara neman na kansa ba. Wannan magana ta fi kowace manhaja muhimmanci, a zaunar da shi a faɗa masa ita dalla-dalla.

To wane asusu za a sa a ƙarƙashi? Zaɓi biyu ne a mafi yawan wurare. Akwai asusun matasa na banki, wanda sau da yawa ba a cajin kuɗin wata. Akwai kuma kamfanonin da suka keɓanta da yara, irin su GoHenry a Birtaniya da Greenlight a Amurka, masu karɓar kuɗi duk wata, su ba iyaye manhaja mai cikakken iko. Manhajarsu tana da ƙayatarwa, amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ku haɗa cajin shekara guda ku gwada shi da abin da kuke ba yaron, wani lokaci za ku tarar wani kaso mai tsoka na kuɗin kashewarsa kamfani ne ke cinye shi. Ko wanne kuka ɗauka, ku tabbata za ku iya sa iyakar abin da zai fita a rana, za ku iya daskarar da katin daga wayarku nan take ku kuma sake shi, alat yana zuwa muku duka biyu, ba a iya cin bashi da shi, kuma yana toshe shafukan caca. In yana ba da katin intanet na daban, wanda lambarsa ke cikin manhaja kawai, a yi amfani da shi wajen wasanni da rajistar wata-wata, domin ta nan ne kuɗin matasa ke zurarewa ba a ji ba a gani. In wani shafi ya ƙi daina cira, sai a goge wannan katin kawai.

Batun ko waya na sa a kashe kuɗi fiye da kima, akwai ƙamshin gaskiya. Tun 2001 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, suka nuna cewa mutane kan yarda su biya fiye sosai in da katin bashi za su biya maimakon tsaba. Waya ta ƙara sauƙaƙa abin, ko lalita ba a buɗewa. Maganin da ya fi aiki shi ne ƙaramin asusu: a riƙa zuba na mako ɗaya, in ya ƙare ya ƙare. Lissafin da manhaja ke nunawa kuma, na abin da aka saya da lokacin da aka saya, takardar kuɗi ba ta taɓa ba iyaye irinsa ba. Sai dai a yi hattara, ɗan shekara 17 da ake yi wa tambaya kan kowane alat zai nemo hanyar da ba ku gani.

Agogon hannu mai biya, ban ga dalilin saya wa matashi shi don wannan kaɗai ba. Wani abin caji ne aka ƙara.

In waya za ku saya, ku duba NFC a jikin wadda ke hannunku, kada ku dogara da sunan samfurin, domin a wayoyin Android masu sauƙin kuɗi samfuri ɗaya yakan zo da ita a wata ƙasa, a wata kuma babu. Ta hannu kuma, in an taɓa yi wa manhajarta kutse ko ba ta da shaidar Google, Google Wallet zai ƙi ta, manhajojin banki da yawa ma haka. A gwada kafin a biya.

Da ni ne, wanda bai kai 13 ba zan ba shi katin roba mai ɗan kuɗi kaɗan, iko yana wayata. Daga 13 zuwa sama, in banki ya yarda, waya ta zama ta yau da kullum, amma a karɓi katin, ya zauna a aljihun jaka na ciki tare da 'yar takardar kuɗin da za ta kai shi gida. Kada a cusa shi a bayan rigar waya kamar yadda suke yi, don hannu ɗaya zai tafi da duka biyun. Sannan lokaci zuwa lokaci a sa shi ya zura katin a na'ura ya danna lambar sirrinsa. Wanda ya shekara yana biya da fuska yakan manta ta, kuma a yawancin bankuna kuskure uku a jere ke kulle kati.