Mai ayon ko mai filta: wace na'urar tace iska ke rage mura a gida?

Duk mazaunin Makka ya san lokacin. Da sanyi ya shigo, ko azumi ya ƙarato baƙin Umara suka fara sauka, sai gida ya cika da tari. Mu nan Shari'a Mansur ɗaki biyu ne da falo, tagogi a rufe saboda zafi da ƙura, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta juya iska guda dare da rana. Mutum ɗaya ya kwaso mura daga Harami, kafin mako ya zagayo ta bi kowa. Shi ya sa maƙwabta ke yawan tambayata wace na'ura za su saya, kuma kusan kowace ta riga ta ga tallan mai ayon, wato mai sakin cajin lantarki a iska, a waya.

Ni ma ita na fara saye. Mai shago ya ce min, "Hajiya, wannan ba ta cin filta, ba ta ƙara, kuma tana kashe ƙwayar mura." Bayan 'yan makonni bangon da ke bayanta ya yi baƙi, ɗakin yana wani wari mai kaifi kamar na wayar lantarki da ta yi tartsatsi, ɗana mai asma kuma ya koma tashi da tari cikin dare. Likita ya tambaye ni ko akwai sabon abu a ɗakin. Ranar na cire ta daga soket.

Ga yadda take aiki. Tana sakin caji a iska, cajin ya kama ƙura da ɗigon yawun da ke yawo, su manne a bango, labule, kafet da gado. Wato dattin yana nan cikin ɗakin, wuri kawai ya sake. Wasunsu kuma suna fitar da iskar ozon, wadda ke fusata huhu, ta fi cutar da yara da tsofaffi da masu asma. Ba zan ɓoye ba, akwai binciken da masu talla ke jingina da shi: a 2015 masana a ƙasar Sweden sun nuna wata na'urar ayon mai farantin tara datti ta hana mura yaɗuwa tsakanin ɓerayen Masar. Amma dabbobi ne 'yan kaɗan a ɗakin gwaji. Falon da mutum takwas ke ciki, yara na shiga suna fita, wani abu ne daban. A Amurka ma an yi wata mai suna Ionic Breeze da ta yi tashe, mujallar Consumer Reports ta gwada ta a 2003 ta ce ba ta tace iska yadda ya kamata, kamfanin ya kai ƙara bai yi nasara ba, a 2008 ya durƙushe.

Wadda nake so, kuma ita ce a gidana yanzu, ita ce mai fanka da filtar HEPA. Babu wani sirri a cikinta: fanka ta jawo iska, ta tura ta cikin matata mai naɗi-naɗi, dattin ya maƙale a ciki, ranar canji ki ɗaure a leda ki jefar. Filtar HEPA mai daraja H13 tana kama aƙalla kashi 99.95 cikin 100 na ƙwayoyin da suka fi wuyar kamawa. Za a ce miki ƙwayar mura ta yi ƙanƙanta, wai za ta wuce. Ai ba ita kaɗai take tafiya ba, cikin ɗigon yawu da majina take fitowa idan an yi tari ko atishawa, har da magana, kuma filtar tana riƙe su.

Lambar da za ki nema a jikin kwali ita ce CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da na'urar ke bayarwa a awa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawara a 2023 a riƙa sauya iskar ɗaki sau 5 a awa. Ɗaki mai mita 4 a 5, tsayi mita 3, yana ɗauke da iska mita kubik 60, kin ga kenan kina buƙatar mai CADR mita kubik 300 a awa. Wannan lambar kuwa ta ƙarshen gudu ce, inda ƙarar ta fi yawa. Don haka gara ki ɗauki babba ki bar ta a tsaka-tsaki, a samu barci. Mu da ba ma rabuwa da turaren wuta, filtarmu na saurin cika, to kafin ki biya kuɗi ki tambayi farashin filta da inda ake samunta. Wasu masu HEPA suna zuwa da maɓallin ayon a gefe. Ni nawa a kashe yake tun ranar farko.

Mai fitilar UV, wato hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta: iska na wucewa da sauri, hasken bai samun lokacin yin aiki sosai a ƙananan na'urorin gida. Mai fitar da ozon da gangan: kada ta kwana inda mutane ke numfashi. Ta rataye a wuya kuma, wadda ake tallata wa alhazai, takunkumi mai kyau ya fi ta.

Sai batun jabu, wanda ya fi komai ɓata min rai. Kasuwar intanet cike take da ƙananan na'urori masu haske shuɗi da aka rubuta musu kalmar HEPA da wani ɗan ƙari a gefenta mai nufin "irinta", alhali ciki soso ne ko auduga. Idan babu H13 ko H14, babu lambar CADR, ki ajiye. Idan an ce abu kamar kofin shayi zai wadaci falo, ƙarya ce. Idan an rubuta tana kashe kashi 99 na ƙwayoyin cuta, ki tambaya a ina aka gwada, don sau da yawa cikin ƙaramin akwati ne rufaffe. Wasu ma ozon suke sayarwa da sunan "iska mai daɗi irin ta bayan ruwan sama". Jihar Kalifoniya ta iyakance ozon ɗin waɗannan na'urori a 0.050 cikin miliyan, akwai kuma shaidar UL 2998 ga waɗanda kusan ba sa fitar da shi. Wadda ta nace sai mai ayon, ta nemi wannan shaidar. Filtar canji ma ana yin ta jabu, kwali iri ɗaya, takarda sirara. Ki saya inda za a ba ki fatura da daman, wato rasit da garanti, irin su eXtra ko Jarir ko SACO, ki duba filogin mai ƙafa uku ne na nan Saudiyya. Na hannu da ake sayarwa a Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ki lissafa kuɗin sabuwar filta a kai.

Na'urar ba ta hana murar da ake ɗauka ta hannu ko ta atishawa kusa da fuska, don haka allurar mura ta shekara-shekara tana nan, ana yin rajistarta a manhajar Sehhaty. Idan wani ya kwanta, na'urar ta koma ɗakinsa kusa da gado, nesa da labule, a kunne dare da rana. Kuma ranar da kika kawo ta gida, ki buɗe bayanta ki cire ledar da aka naɗe filtar da ita. Wata ƙawata a Misfala ta yi wata biyu tana kunna tata da ledar a ciki.