Short 184 da Felixstowe F.2A: wanne ya fi takura wa jiragen ƙarƙashin teku na Jamus?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya cewa cikin jiragen sama masu sauka a ruwa da Ingila ta yi sintiri da su a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanne ne gwani wajen farautar jiragen ƙarƙashin teku, Short 184 ko Felixstowe F.2A. Ka ce ka ga hotunansu, kuma a idonka duk kanwar ja ce. To, ba ɗaya ba ne, tun daga yadda kowanne ke zama a kan ruwa.

Short 184, wanda ya fara tashi a 1915, jirgin sama ne da aka ɗora a kan ƙafafu biyu masu kama da ƙananan kwale-kwale. Inji ɗaya, mutum biyu: matuƙi da mai duba teku. Fukafukansa na naɗewa, don haka babban jirgin ruwa kan ɗauke shi, a sauke shi kan ruwa da ƙugiya, in ya dawo a janye shi sama. Shi kuwa F.2A cikinsa ne kwale-kwalen. John Porte, hafsan sojan ruwan Ingila, ya ɗauki samfurin kamfanin Curtiss na Amurka, ya sake masa ƙirji mai tsaga ruwa a sansanin Felixstowe, aka sa masa injin Rolls-Royce Eagle biyu da mutum huɗu: matuƙa biyu, makanike, da mai wayar iska. Sai ƙarshen 1917 ya shiga aiki.

Ta wajen suna, Short ya riga kowa. Ranar 12 ga Agusta 1915, Charles Edmonds ya tashi da shi daga jirgin Ben-my-Chree ya harba wa wani jirgin Turkawa tofido a Tekun Marmara, karon farko da aka yi haka daga sama. Short 184 ne kuma ya yi leƙen asiri a gumurzun jiragen ruwan yaƙi na Jutland a 1916. An ƙera fiye da 900, F.2A kuwa bai kai 200 ba.

Amma sintiri ba aikin suna ba ne, aikin juriya ne, kuma nan ne hankalina ya fi karkata ga F.2A. Yakan yi awa shida a sama, Short kuwa kamar rabin haka. Ka kwatanta mutum biyu cikin buɗaɗɗen jirgi, sanyin Tekun Arewa na yankan fuska, inji ɗaya tal. In ya mutu, sai sauka kan raƙuman ruwa da ƙafafun da ba su jure duka. Shi ya sa suke tafiya da tattabaru cikin kwando: a rubuta inda aka faɗi, a ɗaura wa tsuntsuwa a ƙafa, a sake ta, a zauna jiran ceto. Mutanen F.2A ma na ɗaukar tattabaru, sai dai suna da inji na biyu, da makanike, da mashinga huɗu ko fiye don kare kai daga jiragen Jamus masu tasowa daga Zeebrugge, a gaɓar Belgium.

Aikin da ya fi nuna amfanin irin wannan babban jirgi shi ne sintirin saƙar gizo. A Afrilun 1917, watan da Jamus ta nutsar da jiragen kaya na fiye da tan 800,000, sojojin Felixstowe suka zana saƙa a kan taswira, cibiyarta jirgin fitila na North Hinder, da zare takwas, kowanne mil 30, an haɗa su da zobe uku. Ta nan jiragen nutson ke ratsawa zuwa farauta. Curtiss H-12, wani babban jirgi mai cikin kwale-kwale, shi ne ya fara bin zaren, F.2A ya gaje shi.

Yanzu ga inda tambayarka ke buƙatar gyara. In nutsarwa kake ƙirgawa, dukkansu ba su taɓuka abin kirki ba. Bama-baman ƙanana ne, F.2A kan ɗauki biyu masu nauyin kilo ɗari da 'yan kai, kuma kafin a iso kansa jirgin ya shige ruwa. Da aka duba takardun Jamus bayan yaƙi, akasarin waɗanda matuƙa suka ce sun hallaka ashe sun koma gida lafiya. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne UB-32 a Satumban 1917, kuma H-12 ne ya jefa masa bam, ba ɗayan biyun nan ba.

Amfaninsu yana cikin tilasta nutso. Jirgin ƙarƙashin teku na lokacin a saman ruwa yake yawancin tafiyarsa da injin dizal. Da ya hango jirgin sama sai ya nutse, ya koma kan batir, gudunsa ya ragu sosai, ganinsa ya taƙaita, ayarin jiragen kaya ya wuce shi. Saboda haka wanda ya fi daɗewa a sama shi ne ya fi hana shi sakat, kuma wannan F.2A ne. Sai dai kada ka raina Short: shekara biyu yana ɗauke da nauyin gaɓar Ingila da Bahar Rum kafin F.2A ya bayyana, kuma a ƙananan sansanonin da babban jirgi bai samu zuwa ba, shi ne ya ci gaba da fita har aka tsagaita wuta a Nuwamban 1918.