Lean In Circles: Amfanin Zaman Mata Ma'aikata na Wata-Wata da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Lean In Circles tsari ne na kyauta da ke haɗa mata ma'aikata a ƙananan rukunoni, yawanci mutum 8 zuwa 12, waɗanda suke zama sau ɗaya a wata domin su tattauna al'amuran aikinsu, su koyi dabarun shugabanci, su kuma ƙarfafa wa juna gwiwa. Ƙungiyar da ke tafiyar da shi, LeanIn.Org, ta kafu ne a Amurka a 2013, shekarar da Sheryl Sandberg, wadda ta riƙe muƙamin babbar jami'ar gudanarwa ta Facebook daga 2008 zuwa 2022, ta fitar da littafinta mai suna Lean In, wanda ke kira ga mata su daina ja da baya, su dage wajen neman ci gaba a wurin aiki. A yau akwai dubban irin waɗannan rukunoni a ƙasashe fiye da 180. Na jima a cikin ɗaya daga cikinsu, kuma abin da na gani shi ne, tsarin zaman ya fi aƙidar da aka gina shi a kanta amfani nesa ba kusa ba.

Shiga ba ta da wuya. Mace za ta yi rajista a shafin ƙungiyar na intanet, sannan ko dai ta nemi rukunin da ya riga ya kafu, ko ta kafa nata da abokan aikinta ko ƙawayenta. Ana iya zama ido da ido, ana kuma iya yi ta kiran bidiyo. Shafin yana ba da takardun jagora da ake bi a kowane zama, da gajerun darussa na bidiyo, da horo ga wadda za ta jagoranci rukunin. Sharuɗɗan da ake amincewa da su tun ranar farko uku ne: riƙe sirri, faɗin gaskiya tare da sauraron juna, da cika alƙawarin halarta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tsara buɗe zama da rufe shi. Kafin a tashi, kowace mace za ta ambaci abu guda ɗaya tak da ta ɗauki alƙawarin aikatawa kafin zama na gaba, kuma idan an dawo, da wannan za a fara. Duk wadda ta taɓa halartar taron ƙara wa juna sani ta san yadda ake fitowa da zumuɗi, bayan mako guda kuma komai ya bi iska. A nan ba haka abin yake ba, domin akwai mata da suka ji alƙawarinki da kunnuwansu, kuma za su tambaye ki inda aka kwana. Kunyar idon 'yan'uwa tana sa mutum ya aikata abin da ya shekara yana ɗagawa.

Akwai wata a rukuninmu, akanta ce a wani kamfani, wadda ta daɗe tana koya wa sababbin ma'aikata aiki, sai kuma ta wayi gari an yi wa wasunsu ƙarin girma sun zama shugabanninta. Alƙawarin da ta ɗauka shi ne ta rubuta ayyukan da ta kammala a shekarar, ta nemi ganin manajanta. A zama na gaba muka ce ta gwada maganar a gabanmu tukuna, wata daga cikinmu ta zauna a matsayin manajan. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba don komai ba ne, na san kuna da ayyuka da yawa." Takardar tana hannunta a naɗe, ba ta ko kalle ta ba. Aka tsayar da ita, aka ce ta sake. Ta yi ta maimaitawa har sai da ta iya gaisawa cikin ladabi, ta buɗe takardar, ta ce ta zo ne a kan maganar matsayinta, ga kuma abin da ta yi wa kamfani. Da ta je wurin manajan na gaske bai yi mata ƙarin girma nan take ba, ya ce ta jira lokacin da ake duba ma'aikata. Amma ta roƙe shi ya rubuta mata sharuɗɗan da ake bi, ya kuwa rubuta, kuma wannan ne karo na farko da wani a sashensu ya ga waɗannan sharuɗɗa a rubuce.

Darussan kansu suna da nauyi, domin yawancinsu malaman jami'a ne da suka yi bincike a fannin suka gabatar da su. Wanda na fi amfana da shi shi ne na Joan C. Williams, farfesar shari'a a Kalifoniya, wadda ta karkasa bambancin da ake nuna wa mata a wurin aiki gida huɗu. Akwai matar da dole ta yi ta tabbatar da ƙwarewarta sau da yawa alhali namiji sau ɗaya ya wadatar masa. Akwai wadda idan ta yi laushi a ce ba ta isa shugabanci ba, idan ta tsaya tsayin daka a ce ta cika zafin kai. Akwai wadda da zarar ta haihu sai a fara shakkar kishinta ga aiki. Na huɗu, wanda ba a cika son faɗa ba, shi ne yadda ƙarancin kujerun da ake bar wa mata yake haddasa gaba a tsakaninsu. Ranar da muka kalli wannan darasi, kusan kowace mace a wurin ta gane kanta a ɗaya daga cikin huɗun, kuma da yawa sun ce sun daɗe suna zaton matsalar tasu ce su kaɗai. Darasin Margaret Neale ta Jami'ar Stanford a kan cinikin albashi shi ma yana da amfani, musamman shawararta cewa kada a tsaya kan buƙata ɗaya, a haɗa albashi da lokacin aiki da horo a yi maganarsu a dunƙule, a kuma nuna yadda buƙatar za ta amfani ma'aikatar.

Sai dai wannan shawara ta ƙarshe tana tona wani abu mai ciwo. Dalilin da ya sa ake koya wa mace ta lulluɓe buƙatarta da maslahar kowa shi ne, binciken da Hannah Riley Bowles da Linda Babcock da Lei Lai suka wallafa a 2007 ya nuna cewa masu ɗaukar aiki sun fi ƙyamar macen da ta nemi ƙarin albashi fiye da namijin da ya yi daidai abin da ta yi. Ke nan shirun da mata da yawa suke yi ba rashin ƙarfin hali ba ne, lissafi ne na wadda ta san abin da zai biyo baya.

A nan ne iyakar tsarin ta bayyana, kuma alƙaluman ƙungiyar da kanta ne suka fi nuna hakan. Tun 2015 take fitar da rahoton shekara-shekara tare da kamfanin McKinsey a kan halin da mata suke ciki a kamfanonin Amurka. Rahoton 2024 ya nuna cewa kason mata a manyan kujerun shugabancin kamfani ya tashi daga kashi 17 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 29, wanda ci gaba ne na gaske. Amma a matakin farko, wato daga ƙaramin ma'aikaci zuwa manaja, duk maza 100 da aka ɗaga, mata 81 ne kawai aka ɗaga, kuma a 2018 adadin 79 ne. Ga baƙaƙen mata kuwa, 54 ne. Rahoton yana kiran wannan wuri karyayyen matakin tsani, kuma wanda ke da ikon gyara shi shi ne mai yanke hukuncin ƙarin girma, ba matar da ke jiran hukuncin ba. Ko da mata goma sha biyu sun ƙware a magana ƙwarewa ta ƙarshe, ba su ne suke sa hannu a takardar ba.

Akwai ma haɗari a cikin saƙon idan aka ɗauke shi shi kaɗai. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar Duke sun gano cewa mutanen da aka karanta wa saƙonnin da ke cewa mace za ta iya tsallake shingayen aiki da ƙoƙarin kanta sun fi karkata ga ganin cewa mata ne ke da alhakin warware matsalar, har ma da haddasa ta. Wannan yana damuna ƙwarai, domin macen da ta bi duk shawarwarin ba ta ga canji ba tana iya komawa gida tana zargin kanta. Adalci ne a faɗi cewa ƙungiyar ta faɗaɗa aikinta daga baya, ta fitar da katunan horo masu ɗauke da misalai 50 na nuna bambanci, waɗanda aka yi domin manajoji da ma'aikata maza da mata baki ɗaya. Ita ma Sandberg, bayan rasuwar mijinta a 2015, ta fito fili a 2016 ta ce a da ba ta fahimci wahalar matan da ke renon 'ya'ya su kaɗai ba.

Batun lokaci shi ma ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biyan kuɗi a kansa, kimanin awa 4 da minti 25 a kullum, maza kuma awa 1 da minti 23. Matar da ta fi kowa buƙatar wannan zama sau da yawa ita ce wadda ba ta da sararin halartarsa. Haka kuma an rubuta darussan ne da ma'aikaciyar ofis a zuciya, mai albashi da manaja da matakan girma, kuma mafi yawansu da Turanci suke, alhali fiye da rabin masu aiki a duniya ba sa ƙarƙashin irin wannan tsari. Mai ƙaramar sana'a za ta amfana da zaman da kuma alƙawarin wata-wata, amma sai jagorar ta yi aikin fassara da sauya misalai da kanta.

Ta fuskar kwanciyar hankali, samun wurin da mace za ta faɗi cewa ta gaji ba tare da tsoron a rubuta mata shi a fayil ba babban abu ne. Rahoton LeanIn.Org da McKinsey na 2021 ya nuna cewa kashi 42 cikin ɗari na mata ma'aikata a kamfanonin Amurka suna yawan fama da matsananciyar gajiyar aiki, maza kuma kashi 35. Amma rukunin ba asibiti ba ne, ba kuma kotu ba. Idan wata ta kawo maganar cin zarafi ko tsangwama a wurin aiki, tausayawa ba ta isa ba. Ya kamata jagora ta san inda ake kai ƙara da abin da dokar ƙwadago ta tanada, ta kuma san cewa tun 2019 akwai yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta amince da 'yancin kowa na yin aiki ba tare da cin zarafi ba, ko da yake ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba.

Ina ba da shawarar wannan hidima ga duk ma'aikaciyar da ke farkon aikinta ko tsakiyarsa, musamman wadda take ita kaɗai ce mace a sashenta. Zamanmu da suka fi albarka su ne waɗanda muka ajiye maganar gyaran kai muka koma kan abin da za mu nema tare: a rubuta sharuɗɗan ƙarin girma kowa ya gani, a daina ɗaukar hutun haihuwa a matsayin giɓi a tarihin aikin mace, a riƙa juya aikin rubuta bayanan taro tsakanin maza da mata. Takardun jagora ba sa hana wannan, amma ba za su tura ku zuwa gare shi da kansu ba, sai jagora ta sa shi cikin ajanda. Wadda za ta kafa rukuni kuma ta yi hattara wajen zaɓen mambobi, domin alƙawarin riƙe sirri na baki ne kawai, shafin ba shi da hanyar tilasta shi. Kada a haɗa ma'aikaciya da shugabarta ta kai tsaye a rukuni ɗaya, kuma idan da hali a ɗauko mata daga ma'aikatu daban-daban, saboda kowace ta iya magana a sake ba tare da tunanin wa za ta haɗu da ita a ofis washegari ba.