Hattara da masu "gyaran kwamfuta" ta waya, ɓarayi ne

Abin da ke ƙona rai a wannan damfarar shi ne da kayan aikin Windows na gaskiya ake yin ta. Kana cikin bincike a intanet, sai shafi ya mamaye allo, ƙara tana tashi, an rubuta wai ƙwayar cuta ta shiga, kada ka kashe na'urar, ga lambar da za ka kira. Shafin intanet ne kawai da ya cika allo, babu abin da ya kulle. Saƙon kuskure na Microsoft ba ya zuwa da lambar waya, ko sau ɗaya.

Kuma kada wani ya zo yana cewa sai wawa ake cuta. Ka kira, mutum ya amsa da ladabi, ya ce ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr, umarnin da ke buɗe rajistar abubuwan da suka faru a Windows. Da hannunka ka rubuta, a kwamfutarka, sai ga jerin jajayen alamomi da rawaye. Wa zai ga haka bai tsorata ba? A nan ake yarda da su, a daidai wannan wurin. Alhali duk kwamfuta mai lafiya tana da wannan jerin: wata manhaja ta yi jinkirin tashi, intanet ya ɗauke ya dawo, duk Windows na rubutawa. Sai su ƙara da umarnin netstat, mai nuna haɗin kwamfutarka da intanet, su nuna maka Foreign Address su ce masu kutse ne, alhali adireshin shafukan da kake ciki ne. Akwai ma umarnin assoc, mai nuna nau'o'in fayil, inda zai karanto doguwar lamba mai farawa da 888DCA60 ya ce lasisin kwamfutarka ne. Iri ɗaya ce a kwamfutocin Windows! 

Kuɗin gyara za su nema, ta katin kyauta (gift card) ko kuɗin kirifto, don kuɗin da aka tura ta nan ba sa dawowa. Amma kafin nan ma, sun riga sun sa ka sauke AnyDesk ko TeamViewer ko UltraViewer ka karanta musu lambar shiga. Manhajojin halas ne, amma wanda ya shiga yana ganin allonka, yana juya linzaminka, yana kwashe fayil. Kuɗin gyaran abin da bai lalace ba! Bayan wani lokaci su sake kira wai za su mayar maka da kuɗin gyaran nan. Ka buɗe shafin banki, su duhunta allo, su sauya lambobin da ke jikin shafin ya nuna kamar sun turo fiye da kima, su shiga roƙo ka dawo da rarar kada a kore su daga aiki. Da ka sabunta shafin za ka ga ko sisi bai shigo ba. Sau biyu ke nan sun cuce ka, a kan jerin da babu wata matsala a ciki.

Kuskuren gaskiya ba ya ihu. In manhaja ta ce babu VCRUNTIME140.dll, Visual C++ Redistributable za a girka daga shafin Microsoft. In ana zargin fayilolin Windows, umarnin sfc /scannow za a rubuta a Command Prompt da izinin mai kula (administrator).

In shafin ya fito, danna Ctrl da Shift da Esc, ka rufe burauzar daga Task Manager, kada ka yarda ta dawo da shafukan baya. In har sun shiga, cire intanet nan take, goge manhajar da suka sa ka sauke ta appwiz.cpl (danna Windows da R ka rubuta shi), ka yi binciken Microsoft Defender Offline. Kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka. Kalmomin sirri kuwa daga wata na'urar za ka sauya su, imel a farko, domin ta nan ake sake saita sauran.