Son Allah: karatun zahiri ko na baɗini?

Aya ta 31 a suratu Ali Imrana ce dai, inda Allah ya umarci Annabi (SAW) ya ce, in kuna son Allah to ku bi ni, Allah zai so ku. Malaman zahiri kan "ku bi ni" ɗin nan suke tsayawa, wato so aiki ne, sallah kan lokaci, azumi, bin sunna, abin da ido ke gani, shi ya sa mutum ba ya cika ɓacewa a wannan hanya.

Sufaye kuwa, irin 'yan Tijjaniyya da Kadiriyya, ba su yar da bin ba amma suna cewa gidan so zuciya ce, muraƙaba, ka rinƙa jin Allah na ganinka kamar ihsanin nan na hadisin Jibrilu. Na taɓa zama kusa da wani tsoho bayan wazifa, carbi a hannu amma yatsun sun tsaya cak, hawaye na bin gemunsa, bai ma san na zauna ba.

Ni wallahi can zuciyata ta fi karkata, sai dai hanyar tana da santsi in babu malami, mutum sai ya ɗauka daɗin da ransa ke ji shi ne kusanci har ya fara sakaci da sallar asuba.