Hoton zagaye na 360 da muka sa aka yi wa makarantarmu a Jos

Tun watan Janairu nake son rubuta wannan, sai yanzu da zuciyata ta ɗan yi sanyi. Ni ce sakatariyar kwamitin wata makarantar marayu mata ta wajen Anguwar Rogo a nan Jos, kuma ni na matsa a kira masu hoton nan na zagaye, wanda mutum zai buɗe a waya ya riƙa jan yatsa yana ganin ɗaki gaba da baya, ya taɓa kibiya ya faɗa ɗaki na gaba kamar da ƙafarsa yake takawa. Yawancin masu taimaka mana ba a garin suke ba. Wasu suna Abuja da Kano, wasu tsofaffin 'yan unguwa ne da suka tashi bayan rikicin 2001 da na 2008, yanzu suna Ingila ko Saudiyya. Kullum maganarsu ɗaya ce, a turo hoto. Hoto kuwa kowa ya san mai ɗauka yakan zaɓi gefen da ya fi kyau, shi ya sa na ga ba ya gamsar da su.

Ba zan faɗi sunan wanda ya yi mana aikin ba. Matashi ne, shi da yaronsa ɗaya, kuɗinsa kuma bai wuce abin da kuka san ana karɓa ba. Ya zo cikin Disamba, da sanyin safiyar Jos ɗin nan mai shiga ƙashi. Na zaci zan ga kaya niƙi-niƙi, sai ya zaro wata 'yar kyamara kamar rimot ɗin talabijin, mai ido biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ya ce kowane ido yana ɗaukar abin da ya ɗan haura rabin ɗaki, sai manhaja ta ɗinke biyun su zama hoto guda. Yakan kafa ta kan sanda mai ƙafa uku a tsakiyar ɗaki, ya ce, “Mama, kowa ya fita, ni ma fita zan yi,” ya laɓe bayan ƙofa ya danna daga wayarsa. Wuri 14 ya ɗauka, kafin azahar ya gama. Na tsakar gida bai yi kyau ba, hazo ya shanye duwatsun da muke hangowa, sama ta fito fari fat. Wannan kam ya faɗa mini tun farko cewa Oktoba ya fi, lokacin da ruwa ya ɗauke gari yana kore.

Abin da ya sa nake rubutu shi ne ɗakin kwana na biyu. Kwana uku muka yi muna gyaransa. An wanke daɓe, an shafa fenti iya inda hannu ya kai, an shimfiɗa zannuwan gado sababbi da wata baiwar Allah ta kawo. Babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu, don mun saba da abin da ke sama har mun daina ganinsa. Ranar da ya turo linkin ina zaune bayan isha'i, na shiga ɗakin nan a waya ina murna, yatsana ya zame hoton ya juya sama. Gabana ya faɗi. Ga silin ya yi ciki ya baƙe da ruwa, ga inda allo ɗaya ya ɓalle, ana ganin kwano mai tsatsa da ɗan hasken rana ta huji. Ras, kamar an haska da tocila.

Nan take na kira shi, kuma ban yi masa magana mai daɗi ba. Na ce, “Ɗana, mun biya ka ka fito da mu ne ko ka tona mana asiri?” Ya ce, “Mama, ki yi haƙuri, kyamarar nan ba ta da ƙeya. Duk abin da ke ɗakin shi take kwasowa. Zan iya gogewa a kwamfuta, amma sai jibi.” Na ce ya goge. Ashe kafin in ajiye waya Malam shugaban makaranta ya riga ya tura linkin cikin zauren WhatsApp na masu taimako, mutum sama da ɗari. Daren nan ban runtsa ba. Abin da nake ta juyawa shi ne za a ce kuɗin da ake turowa ina yake tafiya, alhali Allah ya sani abinci da littattafai da albashin malamai suke cinye shi tas.

Da safe wata ƙanwar ƙawata ta kira daga Ingila. A layinmu ta girma, yanzu aikin jinya take yi a can. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, “Yaya, yaran nan a ƙarƙashin wannan rufin suke kwana da damina?” Na rasa ta cewa, sai na faɗa mata gaskiya: idan Yuli da Agusta suka zo, gadaje muke ja gefe guda mu jera bokitai, wani daren kuma a kwashe ƙananan a kai su aji su kwana kan tabarma. Duk wanda ya san ruwan Jos, mai zuwa wani lokaci har da ƙanƙara, ya san me nake nufi. Ta yi shiru, na ji tana jan hanci. Ta ce shekara nawa ana turo mata hotunan yara da sababbin hijabai, ba wanda ya taɓa ce mata rufi na yoyo. Ta ce kada a goge komai. Ita ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana ce musu su shiga ɗaki na biyu su kalli sama. Kafin ruwan farko na Afrilu an sauke tsohon kwanon gaba ɗaya, an sa sabo da katakai da silin, har da na ɗakin da ke kusa. Daminar bara yaran nan sun yi barci ba a tashe su ba ko sau ɗaya. Na kira matashin nan na ba shi haƙuri, na kuma yi ta ba mutane lambarsa: wata mai ɗakin biki a Rayfield, da wani mai masauki a hanyar Bauchi. A lokacin da an tambaye ni, da na ce babu kamarsa.

Amma akwai abin da na haɗiye saboda murnar rufin, kuma har yau yana ci mini rai. A ofis muna da allon sanarwa, a jikinsa akwai takarda mai sunayen yara, da sunayen iyayensu da suka rasu, da lambobin wayar masu riƙonsu. A hoton, idan ka buɗa yatsu biyu ka jawo shi kusa, ana karantawa. Sannan a aji na uku yara biyu sun leƙo ta taga, fuskokinsu tar. Ba ni na gano ba, kawun wata yarinya ne ya kira Malam ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Marayu ne fa, mata. Shi Google da motocinsa suke ɗaukar hotunan tituna tun 2007, yana dusashe fuskokin mutane da lambobin mota, kuma a ƙasar nan akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta ce sai da izinin iyaye ko mai riƙo ake taɓa bayanan yaro. Wanda wannan ce sana'arsa ya kamata ya shigo ofis ya ce a sauke takardar nan kafin ya danna komai. Mu ba mu san kyamara za ta iya karanta rubutu daga tsakiyar ɗaki ba, shi ya sani. Da na faɗa masa, sai da ya kwana 11 kafin ya gyara, kullum yana Abuja wajen wani aiki, linkin kuwa yana ta yawo a wayoyin mutane.

Ga kuma nauyi. Waɗanda ke waje da intanet mai ƙarfi suna ta yabo, amma mu nan gida sai ka zuba wa waya ido tana ta juyi, data na ƙonewa. Hajiya shugabar kwamiti ba ta taɓa wuce ƙofar shiga a wayarta ba, sai a tawa ta gani.

Sai kuma Janairun bana. Mun buga kalanda 300 na shekara, a ƙasan kowace mun sa tambarin nan mai murabba'i da ake haskawa da waya ya kai mutum cikin makarantar. An raba a Jos, an aika Kano da Abuja. Mako biyu da rabawa wani Alhaji ya kira ya ce ya haska, babu komai sai farin shafi. Na gwada, haka ne. Na kira mai hoton, ya ce ai hotunan a wani shafi na haya suke zaune, ana biya duk shekara, kuma da dala ake lissafi, namu ya ƙare. Wallahi ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba, kuma na duba rasit ɗin da ya ba mu, babu ita. Da ya faɗa tun ranar farko da mun sa a kasafi, ko mu ce ya nemo mana hanyar da ba ta da haya. Abin da ya rage yanzu hotuna uku ne da ya ɗora a Google Maps, ƙofar shiga da tsakar gida da aji ɗaya, su ba a biyan komai, suna nan. Na ce to ya ba mu ainihin hotunan a filashi mu ajiye. Ya ce wannan ciniki ne daban.

Ita fasahar ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, ina kallon sabon rufin nan kullum. Duk mai makaranta ko asibiti ko masauki da ya tambaye ni, zan ce ya yi, amma a rubuta a takarda wa ke da hotunan, nawa ne hayar shekara, kuma a zauna tare a duba kowane ɗaki sama da ƙasa kafin linki ya fita. Shi kuwa wannan matashi na daina ba da lambarsa, har na kira mai ɗakin bikin nan na ce ta tambaye shi ranar da nata zai ƙare. Ita ma ba ta sani ba.

Kwamiti zai zauna ranar Asabar a yanke ko za a biya hayar don darajar kalandar da ke rataye a gidajen mutane. Ni ra'ayina a biya ta bana kawai, bisa sharaɗin ya kawo filashin da hannunsa, ya kuma sake ɗaukar ɗaki na biyu, don waɗanda suka sayi kwanon nan ba su ga yadda ya zama ba har yanzu.