Kafin ka ɗauki wakilin AI a shagonka, ka nemi ganin bayanin kayan aikinsa

Makon jiya wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya kira ni. Mutum uku sun yi masa tallan manhajar da za ta riƙa amsa wa kwastomomi a WhatsApp, ta duba kaya, ta yanka rasit. Ya ce, "Malam, wacce zan ɗauka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya turo mana bayanin kayan aikinsa tukuna."

Irin wannan manhaja ita ake kira wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI), kuma wakilin bai taɓa leƙa sitonka ba. Duk abin da ya sani game da kayan aikin da aka haɗa masa, wato ƙananan manhajojin da yake kira su duba kaya ko su yanka rasit, bai wuce suna, da 'yan layukan bayani, da guraben da zai cike ba. Haka tsarin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Tamkar sabon yaron shago ne da aka damƙa wa takarda ranar farko, maigida kuma ya yi tafiya.

Cikin ukun da aka yi wa Alhaji talla, ta farko shiryayyar manhaja ce daga waje, ana biyan dala duk wata. Bayananta tsaf suke, gwanaye ne suka rubuta. Sai dai an yi su ne don shagon da ke sayar da abu ɗai-ɗai, gurbin adadi kawai ya ce yawan kaya. A Kwari kuwa, idan Hajiya ta rubuto "a ba ni biyar", yadi take nufi, ko turmi, ko dila? Tambaya ɗaya na yi wa dillalinsu: za ku bari mu gyara bayanin? Ya ce a kulle yake. Nan muka rabu.

Ta biyu tarin kayan aikin kyauta ne da wani ya kwaso daga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya jona. Akwai araha, akwai sauri. Amma a Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs sun nuna yadda ake cusa ɓoyayyen umarni cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, mai shago bai gani ba. Ni dai ba zan bar irin wannan kusa da asusun banki ba sai an karanta kowane layi.

Ta ukun wani matashi ne ɗan nan gari ya rubuta, kuma a kanta muka daɗe. Da farko bayanansa sun fi na kowa rauni. Kayan aiki biyu, na duba sito da na farashi, ɗaya an rubuta masa "yana duba kaya", ɗayan "yana nemo kaya". Na tura saƙon gwaji: "Akwai shadda ruwan toka?" Wakilin ya kira na farashi, ya amsa da kuɗi, alhali shaddar ta ƙare. Muka zauna a shagon bayan la'asar, Alhaji na faɗa yaron na rubutawa a bayanin na duba sito: a yi amfani da wannan idan ana tambayar ko kaya na nan, ban da farashi, adadi a turmi yake, turmi yadi 6, idan ba a faɗi ma'auni ba, a tambaya. Muka sake turawa, ya dace.

Wurin kuɗi ya fi tayar min da hankali. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, misali, da kwabo yake karɓar adadi, wato naira 50,000 sai an rubuta 5,000,000. Idan bayanin bai faɗi haka ba, wakili zai iya yanka rasit ɗin naira 500 a kan kayan dubu hamsin. Da yake yawanci da Turanci ake rubuta bayanan nan, ka sa a karanta maka su da Hausa, jimla bayan jimla. Inda kai ka rikice, wakilin ma zai rikice.

Kada kuma masu talla su ruɗe ka da cewa injin AI ɗinsu na sama a jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Berkeley. Ƙwaƙwalwar injin wannan jadawali ke aunawa, bayanin shagonka ba ya ciki. Gwajin da zai amfane ka na cikin wayarka: ka tsamo saƙonni 30 na ainihin kwastomomi, da kurakuransu da gwamutsa Hausa da Turanci, ka goge sunaye da lambobi. Ka saka har da gaisuwa zalla irin "ina gajiya, Alhaji", wadda ba ta buƙatar kiran komai. Kowane saƙo a tura shi sau 3, don amsar na iya canzawa, sannan a buɗe maka rajistar aiki ka ga abin da ya kira da abin da ya cike.

Alhaji ya ɗauki ta matashin, da sharaɗi biyu a rubuce: bayanan su zauna a inda za mu iya gyarawa duk lokacin da aka kawo sabon kaya, cikon kuɗin kuma sai an ci gwajin saƙonni 30 ɗin a gabansa ranar Asabar.